Ƙarafa Huɗu da Na Ɗauka Shara Ne

Ku matso, 'ya'yana da jikokina, ku ara mini kunne na ɗan lokaci. Bakina ya saba da tatsuniya, amma wannan ba tatsuniya ba ce. A kaina ta faru, cikin garin Illela, kuma duk waɗanda ta shafa suna nan da ransu. Ni ban yi boko ba. Surukata ce ke karanta mini wannan shafi naku idan ta gama aikin gida, ita ce kuma ke riƙe da biro yanzu. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta yi mini kwalliya, kada kuma ta sa sunan kowa.

A lokacin da abin ya faru ni tsohuwa ce mai zaman gida. Maigidana ya rasu da shekara tara, ina zaune gidan ɗana na fari, ina ɗan sayar da daddawa da kuka a ƙofar ɗaki don kada hannu ya mutu. Sai na gaya muku yadda nake da ɗan nan, don idan ba ku san wannan ba, ba za ku gane sauran ba. Uwata Bafulatana ce, cikin shanu ta tashi, ita ta hore ni. A wurinta mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama ta yi hira da shi. Haka na riƙe. Tun ranar da aka yanka masa rago ban taɓa furta sunansa ba. Idan zan yi zancensa sai in ce wancan, ko mai wuta, saboda sana'arsa. Idan ina da magana da shi, sai in fuskanci bango in faɗa kamar da iska nake, ko in gaya wa matarsa ta kai. Shi ma ya saba. Da safe zai durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa da lafiya lau ina tsintar wake. Shekara arba'in da ɗoriya muna haka. Mata suna yaba ni a kai, ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina jin daɗin yabon.

Sana'arsa jan wayar lantarki ce a gidaje da shaguna. Yana da abokin aiki, mutumin Ƙonni da ke tsallaken iyaka, magidanci mai 'ya'ya shida, wanda ya ɗauki ɗaki a unguwarmu da iyalinsa. Shekara goma sha ɗaya suna tare. Shi wannan ba ɗan fari na ba ne, saboda haka da shi nake sakewa. Inna yake ce mini, ni kuwa mutumin Faransa nake ce masa. Idan ya shigo zai ce Inna yau ma an ɗauke muku kuran ke nan, don su can haka suke kiran wutar lantarki, in ce masa ai ku ma daga wurinmu kuke roƙo. Ya kan kawo mini ganyen shayi da taliya daga tsallake, ya ce sefa ya saya ba takardar banza ba, in jefe shi da muciya. A gaskiya abin da ban iya faɗa wa ɗana ba, shi nake faɗa wa. Shi na kan tambaya ko wancan ya ci abinci a wurin aiki, ko tarin nan nasa ya sake shi.

Ana nan sai suka samu babban aiki. Wani attajiri ya sayi tsohon sito kusa da kasuwa, yana so ya mayar da shi gidan ƙanƙara da ajiyar kayan sanyi. Wayoyin irin wannan wuri manya ne, kaurin wasu ya kai rake, ba a binne su a bango. Sai an kafa musu wani dogon ƙarfe a sama, a kwantar da su ciki a ɗaure. Ƙarfen nan fari ne fat, tsawonsa ya kusa mutum biyu, gefensa a tashe, cikinsa duk huji-huji dogaye a jere kamar an zana. Tire suke ce masa. Ranar da aka sauke su na yi dariya, na ce wa mutumin Faransa ni tiren da na sani na tallan goro ne, wannan ai kwamin ban ruwan awaki ne da aka manta ba a toshe ba. Ya ce to Inna, kwamin ne, amma wuta ke sha a ciki.

Sito bai da ƙofa a lokacin, don haka aka jibge kayan a shagon da ke jikin zaurenmu. Shagon na da ƙofa biyu. Ta waje makullinta biyu ne, ɗaya hannun ɗana, ɗaya hannun abokinsa. Ta ciki kuwa, wadda ke buɗewa tsakar gida, sakata ce kawai, kuma kowa ya manta da ita, ban da ni da ke ajiye albasa a bayanta.

Kwana da kwanaki ina jin ƙarar zarto da guduma daga shagon. Ban san mi suke yi ba sai daga baya. Ashe tsohon siton nan babu bangon da ya miƙe a cikinsa, ga ginshiƙai a tsakiya, ga katakon rufi da ya sauko nan ya hau can. Miƙaƙƙen tire ba ya wuce irin waɗannan wurare, sai an karya shi ya bi jikin gini. Wannan kuwa aikin mutumin Ƙonni ne, babu mai hannunsa a garin. Zai je ya auna, ya dawo ya zana da alli, ya yanke ɗan ɓangare daga gefen ƙarfen kamar yadda ake yanka kabewa, ya lanƙwasa, ya haɗa da noti, ya bi bakin da magagari har ya yi sumul don kada ya yanki rigar waya, sannan ya shafa fenti. Kowane ɗaya yana cin wuni guda, wani wuni biyu. Kuma kowanne wurinsa ɗaya ne tak a cikin ginin, ba ya shiga wani wuri. Duk wannan ban sani ba. Abin da na sani shi ne, a wani aiki can baya, ɗana ya taɓa aiko matarsa ta ce in ɗebi guntayen ƙarfen da suka rage in ina so, na kuwa ɗiba na tare ramin ɓera.

Ranar kasuwa ƙanwata ta zo daga Kalmalo. Bandar kifi take yi, mijinta masunci ne. Muna cin tuwo tana ta mita, wai ragar da take shimfiɗa kifi a kan murhu ta ci tsatsa, ta ɓurma, jiya karfasa uku suka faɗa toka. Mazan sun tafi sito, surukata kuma ta tafi bikin suna ƙauyen Araba za ta kwana biyu. Na shiga shago in ɗebo mata albasa, sai idona ya faɗa kan ƙarafan. Miƙaƙƙun an jera su tsaf a gefe guda. A lungu kuma ga wasu guda bakwai an ware, karkatattu, an yayyanka su, an ƙuje su, ga zanen alli duk jikinsu. Zuciyata ta ce mini waɗannan su ne suka lalace, kamar ƙyallen da tela ke zubarwa ƙarƙashin keke. Ƙanwata ta leƙo ta ce kai Yaya, wannan ai don banda aka halicce shi, ga hujin hayaƙi an riga an yi. Ta ce in bari a tambayi mai su. Na ce mata wa zan tambaya, so take in buɗe baki in roƙi wancan guntun ƙarfe? Ta yi dariya ta ce ke da kunyarki sai kabari. Na zaɓo mata huɗu, muka naɗe da tabarma, aka ɗora mata a motar kaya bayan la'asar.

Washegari da hantsi ina shara sai na ji muryar ɗana a shago yana ƙirga, ya kai uku ya tsaya, ya sake ƙirgawa. Ya fito tsakar gida ya dube ni, na juya masa baya kamar kullum, ya koma. Bai tambaye ni ba, don bai taɓa tambayata komai ba. Ni kuwa tsintsiya ta yi mini nauyi. A nan ya kamata in yi magana. Kalma uku ta isa. Amma babu matarsa da zan aika, kuma in ce ni na ɗauka, ni na bayar, da bakina, a gabansa, sai na ji kamar a ce in tuɓe zane a kasuwa. Na ce a raina bari matarsa ta dawo.

Kafin ta dawo magana ta riga ta lalace. Attajirin ya zo da kansa, don ranar aka sa za a ɗora ƙarafan. Ina jin su ta bango. Ya ce ba a fasa ƙofa ba, ba a karya kwado ba, to wa ke da makulli? Ya ce shi ba ya zargin kowa, amma kowa ya san ranar kasuwa ƙarfe na tsallaka iyaka ƙarƙashin buhun albasa. Ya juya ya tafi. Sai na ji ɗana, a hankali, ya tambayi abokinsa ko ya dawo shago jiya bayan sun rabu. Tambaya ɗaya ke nan. Mutumin Ƙonni bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara goma sha ɗaya, yau ka tambaye ni wannan? Ɗana ya ce tambaya ce kawai. Shi kuwa ya ce ya ji, tambaya ce.

Surukata ta dawo, na buɗe baki in gaya mata, sai ta riga ni da cewa Inna kin ji abin da mutumin nan ya yi mana, mutum ba ka gama saninsa. Na haɗiye maganata. Na aika a asirce Kalmalo a dawo mini da ƙarafan, aka ce mijin ƙanwata ya riga ya buge su da guduma sun miƙe, har an yi banda sau biyu a kai. Daga nan na fara yi wa kaina huɗuba. Na ce ai ba a kai shi wurin hukuma ba, ai ba a doke shi ba, ai magana ce za ta wuce. Mutumin ya sake zuwa siton ya sake awo, ya sake yanke huɗun nan, kwana shida yana yi, ba ya magana da kowa. Ya daina shigowa gaishe ni. A unguwa kuwa zancen ya bazu. Matarsa ta je ɗibar ruwa aka ce mata ta kula da bokitin mutane, na ƙarfe ne.

Bayan mako biyu ƙanwata ta aiko mini da kwandon kifi na godiya, karfasa manya, sun sha hayaƙi sun yi ja. Na kasa ci. Na zuba wa gida nasu, na ware guda goma masu kyau na naɗe a takarda na aika wa matar mutumin Ƙonni. Ina ganin kamar hakan zai rage mini wani abu.

Kashegari bayan la'asar na ji sallamarsa. Ya shigo ya durƙusa inda ya saba, ya gaishe ni, ya ce an ga kifi an gode. Sai ya zaro ɗaya daga aljihun rigarsa, ya buɗe takardar, ya ajiye a gabana. Ya ce Inna dubi bayansa. Na duba. A jikin kifin nan ga zane ya fito reras, dogayen tabo a jere, layi-layi, daidai da hujin ƙarfen da ya kwanta a kai. Ya ce shi wannan zane ko a mafarki ya gan shi ya san shi, ya fi sanin sa da zanen tafin hannunsa. Ya nuna mini wani wuri da layin ya karkace, ya ce nan ne inda ya yanka don ginshiƙi na biyu. Na jira ya zage ni, ko ya tambaye ni dalili. Bai yi ba. Cewa ya yi in aika wa mai bandar ta daina ɗora abinci a kan ƙarfen, don farin abin da aka shafe shi da shi ba ya shiri da wuta, yana iya cutar da masu ci. Na ce masa ya je ya nuna wa abokinsa. Ya girgiza kai. Ya ce shi ba zai zama wanda ya tsayar da uwa a gaban ɗanta ba, tasa uwar ba ta hore shi da haka ba. Ya ce maganar tawa ce, in na ga dama in faɗa, in ban gani ba Allah ya gani. Sai ya ciro makullin shago ya sa mini a tafin hannu, ya ce in ajiye masa, aikin sito ya ƙare jiya. Da zai tashi har ya yi murmushi, ya ce amma Inna kifin ya yi daɗi, kwaminki ya yi aiki.

Cikin makon ya kwashe iyalinsa ya koma Ƙonni. Babu mai ba shi aiki a Illela kuma.

Ku ji abin kunya na gaske, ba irin wadda nake taƙama da ita ba. Na riƙe makullin nan damina guda cur ban yi magana ba. Na ɗaure shi a bakin zanena. In na yi sujada sai ya taɓa ƙasa ya yi ƙara. Ɗana ya ci kifin nan har ya ƙare, yana yabawa, bai taɓa juya bayansa ya duba ba, don shi mai jan waya ne, ba shi ke yankan ƙarfe ba. Ya ɗauki wani abokin aikin, suka yi wani gini a hanyar Garu, sabon bai goge bakin ƙarfe ba, ya yanki rigar waya, sai da aka sauke aikin duka aka sake. Ya rame, ya rage magana. Ni kuwa ina kallon bango.

Abin da ya karya ni ƙarami ne. Wata safiya jikokina na wasa a tsakar gida, ƙaramar ta ɓoye wa yayarta ludayi, sai yayar ta ce mata ke ɓarauniyar Ƙonni. Yayar nan kuwa ita ce yarinyar da mutumin Ƙonni ya yi wa huɗuba a kunne ranar da aka haife ta. Uban na zaune yana shan koko, bai tsawata mata ba. A nan na ga cewa ƙaryar da na yi da shiru ta shiga bakin jikokina, kuma za ta rayu bayan an binne ni.

Ranar na shiga mota na tafi Kalmalo. Na samu ƙarafan jingine bayan rumbu, sun yi baƙi ƙirin, suna ƙarnin kifi. Na ɗauko ɗaya. Da na dawo ɗana na zaure zai fita. Na tsaya a tsakar gida na kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi. Surukata ta saki kwano. Shi kuwa bai amsa ba da farko, don bai san muryata da wannan suna ba. Ya shigo yana dube-dube, yana tsammanin wani ya mutu. Na shimfiɗa ƙarfen a gabansa, na kwance makullin na ɗora a kai, na ce ya zauna. Na dube shi a ido, na ga ashe har furfura ta fara masa a gemu ban sani ba. Na gaya masa komai, tun daga albasa har zuwa kifi. Ya daɗe yana shafa ƙarfen da yatsa, yana bin inda aka yanka. Da ya buɗe baki bai ce don mi kika ɗauka ba. Cewa ya yi, Inna, da ni na tambaye ki ranar nan, da kin faɗa? Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma laifinsa ne, ya iya tambayar abokinsa abin da ya kasa tambayar uwarsa.

Bai ko canza riga ba ya hau babur ya tsallaka Ƙonni. Da ya dawo ya bi ta wurin attajirin, ya bi ta majalisar ƙofar masallaci, ya faɗa da bakinsa. Ni ma na sa mayafi na bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, har gidan wadda ta yi maganar bokiti. Wasu suka yi dariya, suka ce tsohuwa ta yi bandar kifi da kayan lantarki. Na bar su suka yi, dariyar ta fi mini sauƙi a kan shirun.

Abin da na koya shi ne wannan. Kunya abu ne mai kyau, ban ce ku yar da ita ba. Amma ranar da kunyarki ta sa wani ya kwana da sunan ɓarawo, ta daina zama kunya, ta zama son kai da ya yafa mayafi. Ku mata 'yan'uwana masu 'ya'yan fari, ku bar wata 'yar ƙofa tsakaninku da su wadda gaskiya za ta iya bi. Kuma kayan sana'ar mutum, ko kun gan shi a karkace a lungu, kada ku yanke masa hukunci. Ku tambaya. Wanda na ɗauka shara ne, shi ne aka fi shan wahala a kansa.

Ƙanwata tana nan Kalmalo, ta sayi sabuwar raga, har yau in ta aiko kifi sai na juya bayansa. Attajirin ya ce a ba mutumin haƙuri, bai je da kansa ba. Surukata ga ta nan tana rubutu tana share ido, ta ce in faɗa muku ita ma ta je ta nemi gafarar matarsa. Ɗana yana aikinsa. Yanzu in ya gaishe ni na kan tambaye shi tarin nan da kaina, ko da yake sunan ban sake kira ba, sau ɗayan nan ne. Mutumin Ƙonni ya ce ya yafe tun ranar kifi. Ya buɗe wurin aikinsa a can. In ɗana ya haɗu da ginin da ya gagare shi, ya kan ɗauki awo ya kai masa, shi kuma ya yanka ya lanƙwasa, ba ya ƙi. Da sallah yana aiko mini da ganyen shayi, a ce in ji mutumin Faransa. Amma bai dawo Illela da zama ba. Sau uku ɗana na kai masa makullin, sau uku yana cewa a mayar wa Inna, ita ya ba ajiya. Yana nan a bakin zanena. In na yi sujada har yau yana taɓa ƙasa.